Rigar Ɗangiwa

A Tambuwal in ka ce kana neman gidan Malam Abu, tsohon direban tarakta na ƙaramar hukuma, sai a tsaya ana tambayarka wane Abu. In ka ce Ɗangiwa, ko baƙon da ya sauka tasha jiya zai nuna maka ƙofar. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goye shi, kuma sunan nan ba mahaifinmu ya raɗa masa ba. A fim ya samo shi.

Wajen shekara talatin ke nan. Wasu malaman makaranta da ma'aikatan sakatariya suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, suka ɗauko mai ɗaukar bidiyon biki daga Sakkwato, suka ce su ma za su yi fim. Labarin ba wani labari ba ne. Ɓarayin shanu sun kashe wa mutum ƙane, ya sa rigar layu, ya shiga daji ya rama. Aka ba Abu jarumi, mai suna Ɗangiwa, saboda ya fi kowa faɗin ƙirji. Aka ba abokinsa Dogo shugaban ɓarayi saboda ya fi kowa muni, shi Dogon ne ya faɗa da bakinsa. Bindigogin na itace ne da bututun famfo. In an harbi Ɗangiwa sai ya karkaɗe ƙirji, harsasai su zubo ƙasa, alhali ƙwayoyin boris ne na keke da ya dunƙule a tafin hannu.

Rigar kuwa 'yar shara ce ta saƙi, aka rine ta, wani baduku ya jera mata layu gaba da baya, da igiyoyi a gefe na ɗaurewa. A tsakar gidanmu aka yayyanka abin da aka cusa a cikin layun. Kwalin sukari ne.

Fim ɗin ya zaga ƙasar nan tamu. Daga kaset ya koma faifai, daga faifai ya koma waya. Mutanenmu ba wawaye ba ne, ba wanda ya ce fim gaskiya ne. Abin da suka ce shi ne, fim wasa ne amma rigar ba wasa ba ce. Aka ƙirƙiro labarin wai wani maharbi ya ɗura bindiga ta gaske ranar ɗauka don ya gwada, kuma ta yi ruwa. Abu in an tambaye shi sai ya yi dariya ya kaɗa kai. Mai shayi ba ya karɓar komai a hannunsa, direbobin Sakkwato suna ba shi gidan gaba. Ya ji daɗi. Wa ba zai ji ba?

Sai daji ya ɓaci. Ɓarayin da ake kwaikwayo da bindigar itace suka zo da ta gaske.

Marigayiya matarsa Humaira ta bar wa Abu 'ya'ya uku: Siddiƙ, da Hamdiya mai aikin jinya a Kebbe, da auta Attahiru ɗan kabu-kabu. Siddiƙ yana noma a Fakku, a gonakin dangin uwarsu, kuma da abin ya matso kusa ya shiga 'yan sa kai masu tsaron ƙauyuka. Wata Juma'a ya zo gida uban yana masallaci, ya buɗe akwati, ya saka rigar. Hamdiya tana gida ranar. Ta bi shi har zaure ta riƙe masa gefen riga tana kuka, ya fizge ya hau babur. A cikin rigar aka dawo mana da shi. Huda ɗaya ce, ƙarama, ƙarƙashin nono na hagu, yatsa ma da ƙyar zai shiga.

Na yi zaton magana ta ƙare ke nan. Na yi shekaru ina koyarwa har na riƙe makaranta, ya kamata a ce na fi haka sanin mutane. Duk maganin ƙarfen da na taɓa jin labarinsa yana zuwa da ƙofar fita: kada a tsallake taɓarya, kada a ci abin da aka dafa da kaza, kada mace ta taɓa, kada a ɗauka ba da izini ba. In ya yi aiki, magani ne. In bai yi ba, gawa ce ta karya doka, kuma gawa ba ta musu. Tun kafin a share zaman makoki gari ya yanke hukunci: Siddiƙ ya ɗauki riga ba da izinin mai ita ba. Dukawa suka fara ɗinka irinta, ana ce mata mai Ɗangiwa, samari suna saye. Attahiru kuma ya daina dariya, ya fara zama da 'yan sa kai in ya sauke fasinja a Kebbe.

Ina zaune ranar da Abu ya kira shi, ya ɗauko rigar da reza, ya farke laya ɗaya a gabansa.

"Duba da kyau. Mi kag gani?"

"Kwali, Baba."

"Kwalin mi?"

"Na sukari."

"To?"

Attahiru ya sunkuyar da kai, da ladabi sosai. "To ai kowa ya san ba cikin laya abin shike ba, Baba. Laya shaida ce kawai. Abin ga izini shike. Ka hana Yaya Siddiƙ, ni ma kana son ka hana ni."

"Ba ni da komi da nika hana ka, ɗan nan!"

"Na ji, Baba."

Irin "na ji" ɗin da yaro ke yi in ya gama yanke shawararsa. Abu ya ce zai ƙone rigar. Na ce ya ƙone, kasuwa cike take da 'ya'yanta.

Ana cikin haka Abdulganiyyu ya zo. Ɗan unguwarmu ne, ya yi karatu a Kano, ya dawo da kyamara da bakin Kanawa, har uwarsa tana cewa in yana magana ji take kamar an kunna rediyo. Yana son ya yi kashi na biyu ya ɗora a Yutub. Abu ya aika aka kira ni, don tun rasuwar matarsa ba ya yanke shawara sai ina zaune, ko da ba tawa zai ɗauka ba.

"Baba, labarin ya haɗu," in ji yaron. "Ashe Dogo bai mutu a gulbi ba. Ya dawo bayan shekaru, ya kashe ɗan Ɗangiwa. Kowa ya ɗauka Ɗangiwa ya tsufa, sai ya buɗe akwati."

Na dube shi. Har yau ban sani ba ko bai tuna gidan da yake zaune ba ne, ko kuwa ya tuna ƙwarai.

Abu ya daɗe yana murza gwiwarsa. Gwiwar da a da yake tsallake katanga da ita, yanzu a kujera yake salla.

"Zan yi," ya ce. "Amma da sharaɗi. Da rigar nan tawa ta asali za a yi. Kuma Dogo shi halbe ni sau ɗaya, in faɗi in mutu. Ka kawo kyamara kusa, kowa shi ga inda harsashi yash shiga."

"Haba Baba! Jarumi ba ya mutuwa. Masu kallo za su zage ni."

"Su zage ka. In ba haka ba, nemi wani Ɗangiwa."

Babu wani Ɗangiwa, su biyun sun sani. Da yaron ya fita na ce, "Abu, mutanen da sunka ga gawa da idonsu ba su yarda ba, hoto za ya sa su yarda?"

"Yaya Hinde, gawar Siddiƙ sunka gani, ba tawa ba. Ga hoto sunka ɗauko ƙaryar ga, ga hoto za su aje ta. Mutum ɗaya nika yi wa fim ɗin ga. In Attahiru ya gan ni kwance cikin rigar, da izinina da komi, ba shi da sauran magana."

Ban yarda ba, amma ba ni da wata dabara da ta fi tasa.

Dogo ne ya fi ba da wahala. Yana sayar da goro a bakin tasha, ido ɗaya ya yi yana, haƙoran gaba sun tafi. Muka je tare da Abu.

"Ni in halbe ka ka mutu? Kai Abu, ka ji tsoron Allah. Shekara nawa yara na bi na suna ɓarawon shanu, ɓarawon shanu? Ɗiyata har miji ta rasa saboda fim ɗin ga. Yanzu in kashe Ɗangiwa, ai goro na ruɓewa zai yi."

"Ɗiyarka kamarka ta ɗauko, shi ad dalili, ba fim ba."

"Ji mini tsohon banza. Kai da ko daga tabarma ba ka iya tashi sai an ja ka, wane daji za ka shiga?"

Suka yi ta yi har Dogo ya share hawayen dariya. Sannan Abu ya ce a hankali, "Attahiru na son tafiya." Dogo ya rufe goronsa da algarara, ya ce a faɗa masa ranar.

Bayan an yanke gero aka fita ɗauka, a wata gona kusa da Fakku mai kuka biyu da tarin kara. Abu ya hana Attahiru zuwa, ya ce kada ya kuskura ko kayan aiki ya kawo. Ba ya son ya ga ledar zoɓon da za a ɓoye a ƙarƙashin riga a madadin jini.

Ba zan ɓoye ba, kallonsa ya yi mini ciwo. Abdulganiyyu ya so a shafa masa baƙi a gemu, ya ƙi. In zai yi gudu sai a ɗauki ƙafafun wani saurayi, sannan a ɗauki fuskarsa yana haki, hakin kuwa nasa ne na gaske. In ya ɗaga sanda sau biyu sai a tsaya ya zauna a kan turmi ya sha ruwa. Amma in aka ce ya dubi kyamara, ya ɗaure fuska, sai wurin ya yi tsit. Idon nan yana nan. Yaran da suka taru suna leƙe ta bayan kara har ja da baya suke yi.

Matsala ta taso wajen saka riga. A fim na farko shi kaɗai ya shiga ɗaki ya zura ta, ya kai hannu gefe ya ɗaɗɗaure igiyoyin da ƙarfi, kuma wurin nan samari sun haddace shi. Yanzu kafaɗarsa ba ta juyawa. Ya gwada, ya sake gwadawa, gumi ya karyo masa, hannun bai kai ba.

"Ba komai, Baba," in ji Abdulganiyyu, idonsa ya yi haske. "Ma fi kyau. 'Yar Ɗangiwa ce za ta ɗaura masa, tana kuka. Mata za su so wannan."

Akwai yarinyar da aka ɗauko daga Sakkwato tana fitowa a matsayin 'yar. Sai dai a fim ɗinmu mace ba ta taɓa namijin da ba muharraminta ba, ko da a labari ubanta ne. Masu tace fim ba za su bari ba, bakin gari ma ba zai bari ba. An saba uwa ta ga ɗanta ya dawo daga mutuwa ta tsaya nesa tana tafa hannu. Aka yi ta shawara, har Dogo ya ce shi a ɗaura masa kallabi ya yi. Daga ƙarshe wani ya ce, ai Baba yana da 'ya ta cikinsa a Kebbe, ga ta nan kusa. A mai da yarinyar Sakkwato ƙanwa, a kawo Hamdiya fitowa ɗaya tak. Mijinta ya yarda, da sharaɗin ina wurin.

Ta zo da hijabinta a kan farin kayan aiki. Ba ta ga rigar ba tun ranar da ta wanke ta da hannunta ta ɗinke hudar. Abdulganiyyu ya ce mata ta ɗaure igiyar dama, ta ɗaure ta hagu, ta ce Allah ya tsare, shi ke nan.

Ta ɗaure ta dama. Ta zagayo ta ɗaure ta hagu. Sai idonta ya faɗa kan ɗinkin nan nata. Ta ɗora tafin hannunta a kai, ta danne, kamar mai son tsayar da jini. Ba ta ce Allah ya tsare ba. Ta ce, "Baba, kada ka tafi," da muryar da ba ta wasa ba ce, ta kifa goshinta a ƙirjinsa. Abu ya tsaya ƙiƙam. Mai riƙe da abin ɗaukar magana ya juya baya yana share fuska. Abdulganiyyu ya manta bai ce a tsaya ba sai da ta ɗago da kanta.

"Wallahi wannan shi ne fim ɗin," ya ce. Ni ma a ranar haka na ce.

Washegari aka kashe shi. Dogo ya ɗaga bindiga. Aka shimfiɗa katifa a bayan Abu, ya ce a ɗauke, wanda aka harba ba ya zaɓen wurin faɗuwa. Ya tako yana karkaɗe ƙirji irin na da, ƙara ta tashi, ya tsaya, ya dubi ƙirjinsa da mamaki. Ja ya ɓullo daidai kan ɗinkin Hamdiya. Ya buɗe tafin hannu, ba komai a ciki, sannan ya tafi ƙasa gaba ɗaya kamar an sare kuka. Da aka ce an gama bai tashi ba. Sai da mutum huɗu suka ɗaga shi, kuma tun ranar da sanda yake tafiya. A mota yana nishi yana murmushi.

"Ya yi, Yaya?"

"Ya yi, Abu. Ni kaina na tsorata."

Abdulganiyyu ya ce kafin a ɗora a Yutub za a fara nunawa a Kebbe, ranar kasuwa bayan azahar, a gidan da ake kallon ƙwallo. Rumfar kwano ce da bencina. Mata ba sa shiga, amma tsufa ya ba ni izinin da ƙuruciya ta hana ni, aka ajiye mini kujera a bakin ƙofa. Hamdiya tana wurin aiki. Wurin ya cika har waje, da 'yan sa kai da yawa, wasunsu da mai Ɗangiwa a ƙarƙashin riga, ana ganin tudun layun. Abu yana benci na gaba, ya sa Attahiru a gefensa.

Da fuskar Abu ta fito aka yi ihu har kwano ya amsa. Da Dogo ya fito aka yi ta zagi, shi kuwa yana can Tambuwal ya ƙi zuwa. Aka yi shiru wajen Hamdiya. Aka yi tafi da ya shiga daji yana zubar da yaran Dogo da sanda. Sai aka zo wurin. Ya tako, ya karkaɗe ƙirji, samari suka miƙe tsaye suna jiran harsasai su zubo.

Ya faɗi.

Ban taɓa jin shiru irin wannan a cikin taron maza ba, ko a jana'iza. Kyamara ta matso kan jan da ke yaɗuwa tsakanin layu, ta daɗe a wurin. Na ga wani saurayi kusa da ni ya sa hannu cikin rigarsa yana shafa nasa layun, fuskarsa ta canza. Na ga Attahiru ya dafe kai da hannu biyu. Abu ya waiwayo ya nemi idona, ya ɗan gyaɗa kai. A wannan ɗan lokacin na ce a raina, Hinde, ƙanenki ya fi ki sanin mutane.

Sai wata murya daga tsakiya, ta wani dattijo mai sayar da maganin gargajiya, ta ce, "Kai mai na'ura, mai da muna baya. Wurin saka riga."

Aka mayar. Hamdiya ta ɗaure dama, ta ɗaure hagu, ta ɗora hannu.

"Tsaya nan! Kun gani? Mace tat taɓa ta. Kuma ku dubi inda tad ɗora hannu. Nan harsashi yash shiga ko ba nan ba?"

"Nan ne wallahi!"

"A na farko wa yad ɗaura mishi? Shi kaɗai yash shiga ɗaki!"

"Allahu akbar! Ashe karatu Baba shika ba mu!"

Rumfar ta ɗauka. Ba fushi ba ne, murna ce, irin ta mutanen da aka ce musu gidansu ya ƙone sannan aka ce a'a, na maƙwabci ne. Saurayin da ke kusa da ni ya fitar da hannunsa daga riga, ya matsa nesa da kujerata kada zanena ya goge shi. Abu ya dogara sanda ya miƙe yana cewa, "Ba haka ba ne! Ku saurara! Kafaɗata ce ba ta kai ba!" Suka ɗauka gaisuwa yake, suka yi ta kiran Ɗangiwa, Ɗangiwa, har suka ɗaga shi sama suka fitar da shi kasuwa.

A gidan Hamdiya muka sauka da la'asar. Ta dawo daga aiki ke nan, ba ta san abin da ya faru ba, ta kawo mana ruwa. Attahiru ya shigo ya durƙusa a gaban ubansa. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin rasuwar wansa.

"Baba, na gode. Ka gafarta mini, na zaci rowa kaka yi muna. Ashe abin ba a faɗinshi da baki."

"Attahiru, kwalin sukari ne. Na rantse da wanda raina ke hannunshi, kwali ne. Tambayi gwaggonka, gabanta anka yanka shi."

"Gabana anka yanka shi," na ce. "Da almakashin ɗinkin uwarmu."

Ya yi murmushi ya dubi ƙasa. "Na sani, Baba. Ba a maganar gaban mata." Sannan ya juya wajen yayarsa, ba da faɗa ba, da tausayi, wanda ya fi faɗan muni. "Anti Hamdiya, ranar da Yaya Siddiƙ zai tafi, ke kika riƙe mishi riga a zaure, ko?"

Kofin da ke hannunta ya faɗi.

"Ba laifinki ba ne," ya ce. "Ba ki sani ba."

Na yi masa magana ranar, na yi masa washegari. Na yi da hankali, na yi da zagi, na kawo masa lissafin gudun harsashi da kaurin fata kamar ina gaban allo. Abu ya kira limamin unguwa ya yi masa nasiha, ya saurara da ladabi. Abdulganiyyu ya ce zai cire wurin kafin ya ɗora, amma an riga an ɗauka da wayoyi a rumfar, ya zaga ko'ina, har an yi masa da'ira ja a kan hannun Hamdiya. Hamdiya kuwa ta daina zuwa aiki na wani lokaci, ta dawo gidan ubanta, don in ta miƙa hannu za ta duba ɗan sa kai da aka kawo da rauni sai ya janye jiki.

Wata rana da hantsi Attahiru ya zo sallama, a Tambuwal, a ƙofar gidan uban. Ya sayi mai Ɗangiwa sabuwa fil, baduku ya miƙa masa a leda daga hannu zuwa hannu, shi ya ɗaura wa kansa a ɗaki. Abokinsa yana jira a kan babur. Hamdiya ta fito da gudu ba ko takalmi, ta miƙa hannu.

Ya yi tsalle baya. "Kada ki taɓa ni! Don Allah, Anti. Gwaggo, ke ma tsaya nan."

Ni da na yanke masa cibiya. Na tsaya. Hannun Hamdiya ya tsaya a iska, ta bi shi da kallo kamar ba nata ba.

Saura mutum ɗaya da doka ta bari ya taɓa shi. Abu ya saki sanda, ya tako, ya cafki rigar a ƙirji da hannu biyu. Hannuwan nan ne suka taɓa ɗaga Dogo sama suka jefa a gulbi, ƙasar nan duka ta gani. Ya riƙe, yana haki, layu suna lanƙwashewa a cikin yatsunsa.

"Ba ka zuwa ko'ina."

"Baba, sa mini albarka."

"Ji shi, ji yadda shika lanƙwashewa. Kwali ne, ɗana. Kwali."

Attahiru ya sa hannu ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai karɓe wuƙa a hannun jariri. Bai sha wahala ba. Ya riƙe hannuwan a cikin nasa.

"Tafiya zan yi ko ka sa ko ba ka sa ba, Baba. Kada ka bar ni in tafi kamar Yaya Siddiƙ."

Na ga abin da ke fuskar ƙanena. In ya sa albarka, ya ba da izinin da ya rantse ba shi da shi. In ya hana, ɗansa zai shiga daji ba da addu'ar uba ba, kuma in wani abu ya faru gari ya riga ya san abin da zai ce. Ya dube ni. Wannan karon ba ni da shawara, mai kyau ko marar kyau.

"Allah shi tsare ka," ya ce, da ƙyar aka ji. "Allah shi maido muna da kai."

"Amin, Baba! Amin!" Ya juya wajen abokinsa da fara'a. "Ka ji da kunnenka, ya ba ni."

Babur ya tashi ya bi hanyar Kebbe. Na ɗauko wa Abu sandarsa, ya ƙi karɓa, ya zauna a dakalin ƙofa. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, Abdulganiyyu ne, na san zancen, mutane suna ta neman kashi na uku tunda yanzu an gane abin da ya kashe Ɗangiwa. Bai ɗauka ba.

Hamdiya ta zo ta tsaya a gefensa, ta ɓoye hannuwanta a cikin hijabi. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya jawo hannun dama ya fito da shi, ya ɗora a kan ƙirjinsa wajen hagu, ya danne da nasa. Haka suka zauna suna kallon hanya, har rana ta iso dakalin, ba wanda ya matsa.